Tohon Ƙasan Gaɓa

"Ba zan haƙa ba, Baba."

Na jingine digar da ya miƙo mini a jikin katanga. Yana tsaye da tsohon bokitin fenti a gabansa, a ciki akwai ɗan mangwaron da ya raina tun daga ƙwallo, tsawonsa ya kai masa gwiwa.

"Me kika ce?"

"Na ce ba zan haƙa masa rami a nan ba. Wurin ba zai ɗauke shi ba."

"Uwata, ni fa nake ce miki ki haƙa."

"Na ji. Ka yi haƙuri."

Tunda nake ban taɓa ce masa a'a ido da ido ba. Kewaye-kewaye na saba yi har ya manta da maganar. Ran nan dai na gaji da kewayen.

Bayan gidana taku shida ne a tsawo, huɗu a faɗi. Na auna da ƙafa, na sake aunawa da tef. A kusurwa ɗaya akwai ramin sokawe, inda ruwan banɗaki ke taruwa, da murfinsa na siminti, bututun ruwa ya bi gindin katanga, bayan katangar kuma ɗakin kwanan maƙwabciyata ne, wata nas da 'ya'yanta uku. Shekara biyar na yi ina karanta aikin gona, yanzu shekarata ta uku ke nan ina aiki a cibiyar binciken itatuwa. Na san abin da mangwaron ƙwallo yake yi idan ya samu ƙasa. A shekara goma ya wuce rufin gida, saiwarsa ta bi danshi ta shiga sokawe, ta ɗaga siminti, ta tsaga katangar mutane.

Baba ma ya sani, don a ƙarƙashin irinsa muka tashi. Mangwaron tsohon gidanmu mutum biyu ba sa rungume shi. Da aka zo faɗaɗa titi aka haɗa da gidan da itacen, shekara guda bayan rasuwar Mama. Ranar da aka sare shi Baba ya tsinci nunanne ɗaya a cikin tarkace, ya shanye, ya sa ƙwallon a aljihu. Yaya, babban wana, yana da gida mai fili a bayan gari, ya yi ta roƙon Baba ya koma can. Baba ya zaɓi wajena, wai ni na san lokutan maganinsa da yawan gishirin da likita ya yarda masa. Na ji daɗin wannan zaɓi fiye da yadda na nuna.

Ya sunkuya ya ɗauki bokitinsa. "To, Malama," in ji shi. Idan ransa ya ɓaci haka yake kirana. "Ki sani, inda itacen nan ya zauna, nan zan zauna."

Na ce masa zan kawo mangwaron da ya dace da wurin. Na ce nasa kuma mu mai da shi cikin rabin duro, in riƙa rage masa kai da saiwa, ya rayu a haka.

"Ki yanke masa kai? Kaza ce da za ki sa a keji?"

"To bari in dasa shi a filin wurin aikinmu. Akwai sarari, akwai ruwa."

"In riƙa shiga mota ina zuwa gaida itacena, ko? Sai in nemi izini wajen mai gadi."

Asabar ɗin da ta biyo baya na tafi wurin mai dashe, Baba ya biyo ni, wai zai ga abin da boko zai zaɓa. Wurin a gefen rafi yake, jerin baƙaƙen ledoji har iya ganinka, ƙasa duk caɓi. Mai dashen, wani siriri mai wuƙa a soke a bayan kunne kamar fensir, ya taso yana goge hannu a wando.

"Gajeren mangwaro nake nema, mai aure," na ce.

"Ai duk nan gajeru ne, Anti. Ɗauki wanda ya yi miki."

"A leda kowa gajere ne. Ina iyayensu?"

Ya dubi Baba, Baba ya dube shi. "Kawo mata har da takardar haihuwarsu," in ji Baba. "In ba haka ba nan za mu wuni."

Mai dashen ya yi dariya ya shige gaba, muka bi shi can ƙarshen lambu inda manyan itatuwan da yake yankar reshe suke. Sunayen da ke rubuce a jikinsu rana ta cinye, shi ma da nasa sunayen yake kiransu. Na farko Mai-laima, bai yi tsawo ba amma ya baje har ya fi bayan gidana faɗi. Na biyu Soja, ya miƙe sama sak, sai an sare masa kai sau biyu a shekara, in ka yi sakaci shekara guda ya tsere maka. Na uku ya ce masa Malalaci. Shekararsa goma sha biyu, amma da mai dashen ya ɗaga hannu kaɗan ya rage ya taɓa ƙololuwarsa. Ganyensa a cushe, tazarar da ke tsakanin ido da ido, wato inda ganye ke fitowa a reshe, ba ta kai faɗin yatsa biyu ba. Abin da nake nema ke nan, domin itacen da idanunsa suke kusa da juna ba ya saurin tashi.

"'Ya'yan fa?" na tambaya.

"Madaidaita. Ba zare, ba tsami. Sai dai ba ya yi da yawa."

"Mu biyu ne a gidan."

Na zauna a kan dugadugaina na duba ledoji sun fi ashirin kafin in ɗauki ɗaya. Na nuna wa Baba ƙullin da ke jikin karan, kamar taƙi ɗaya daga ƙasa. Na ce masa itace biyu ne aka haɗa. Na ƙasa mangwaron ƙwallo ne irin nasa, saiwa kawai ake so a wurinsa. Na sama reshen Malalaci ne, shi ne zai yi ganye da 'ya'ya. Wannan ƙulli shi ne gaɓar da suka haɗu. Ina cikin bayani na lura hankalinsa yana kan wata gwanda, sai na bar bayanin a nan. Da na san abin da zai biyo baya da na maimaita masa sau uku.

Ni na haƙa ramin, a tsakiyar fili, nesa da sokawe da katanga gwargwadon yadda wurin ya bari. Ƙasar cike take da ɓaraguzan bulo da magina suka binne. Kwana biyu ina yi bayan na taso aiki, tafin hannuna ya yi ƙulu-ƙulu ya fashe. Baba yana zaune a kujerar roba, bokitinsa a gefen ƙafarsa, bai ce sannu ba.

Daga nan aka shiga zaman da ya fi haƙar ramin wuya. Gwaggo, ƙanwar Baba, ta zo takanas. Ta leƙa bayan gida ta riƙe haɓa.

"Wannan tsinken ne aka wulaƙanta yayana a kansa? Ke 'yar nan, ko a makarantar ba a koya muku cewa uba uba ne?"

"An koya mana, Gwaggo. An kuma koya mana abin da saiwa take yi wa katanga."

"Ji baki! Katangar ce ta haife ki?"

Yaya kuma ta waya yake nasa. "Ki dasa masa abinsa mana. Kafin ya girma ai shekara goma ce, wa ya san inda muke a lokacin?" Na gane abin da yake nufi, kuma shi ne abin da ba zan iya ba: in dasa itace ina lissafin ubana zai riga shi tafiya, in sare daga baya. Na ce masa ni ba na yin haka. Ya ce girman kaina ya yi yawa. Ban musa ba.

Haka muka ci shekara. Ina ba Baba maganinsa da safe, ina dafa abinci, muna gaisawa, muna maganar wuta da ruwa. Ɗan itacensa ya cika bokiti, saiwa ta leƙo ta hujin ƙasa, ganyen ya fara ɗorawa-ɗorawa. Kullum na wuce sai in kau da kai. Nawa kuwa ya yi ganye sau biyu ya tsaya, daidai da sunansa. Da ya fitar da fure na bi na tsinke duka don ƙarfinsa ya tafi saiwa. Baba yana kallo ta taga. "Shi ma ba a bar shi ya haihu ba," ya faɗa, ba da ni yake ba.

Da damina ta kankama wurin aiki suka tura ni kwas na mako bakwai a wani gari. Na bar wa nas amanar maganin Baba. Itacen ban bar wa kowa ba, tunda ruwan sama yana zuba.

Ranar da na dawo, da la'asar, ban ajiye jaka ba Baba ya tare ni a bakin ƙofa. Rabon da in ga haƙoransa haka har na manta.

"Uwata, zo ki gani. Zo mana, ajiye wannan."

Ya ja ni bayan gida. An share wurin tas. An tara ƙasa a gindin itacen, an yi masa tudu kamar yadda ake yi wa masara, har ƙullin gaɓar ya nutse. Daga cikin tudun wani toho ya fito, kauri kamar babban yatsa, ganyensa jajaye masu sheƙi, ya riga ya wuce Malalaci da kusan kamu guda. An kafa masa sanda, an ɗaure shi da yankin tsohon rawani a wuri uku, ɗauri mai kyau, ba matsi.

"Kin gani? Gurgun naki ashe yana da jini a jika, kulawa ce bai samu ba. Kullum da safe sai na zuba masa ruwan wankin shinkafa. Na tono masa taki daga wajen mai awaki. Dubi yadda yake tafiya!"

Na durƙusa na kau da ƙasar da yatsu. Na san abin da zan gani, amma na yi ta addu'a a raina. Tohon daga ƙasan gaɓa ya fito. Na ɗaga kai na dubi Malalaci, tun tafiyata bai ƙara ganye ko ɗaya ba.

Na daɗe a durƙushe. Mako bakwai mutumin nan yana fitowa da ciwon gwiwarsa yana yi wa itacena hidima, itacen da ya ƙi kallo shekara guda. Sulhu yake nema, da hannunsa ya yi shi.

"Baba, wannan ba nasa ba ne. Na ƙasan ne ya farka. In aka bar shi zai shanye abincin, na saman ya bushe, shi kuma ya zama ƙaton mangwaro irin na tsohon gida."

Sai na ga fuskarsa ta ƙara haske. "Irin na gida? To alhamdu lillahi. Allah ne ya kawo shi da kansa. Kada ki taɓa shi."

"Sai an cire."

"Na ce kada ki taɓa."

Kwana uku ina kai-kawo. Na tafi aiki na dawo, na auna filin a karo na ban san nawa ba, kamar zai ƙara faɗi don ni. Na tsaya jikin katanga ina jin 'ya'yan nas suna wasa a ɗakinsu. Na yi tunanin in karya shi a ɓoye in ce iska ce, kuma da ya yarda. Amma ban saba yi wa ubana ƙarya ba, ban ga dalilin farawa a kan reshe ba.

A rana ta huɗu da hantsi, yana zaune a kujerarsa, na fito da almakashin dashe. Na gaishe shi. Na kwance ɗaurin nan uku ɗaya bayan ɗaya, na naɗe ƙyallayen na ajiye masa a hannun kujera. Na baje tudun har gaɓa ta fito fili, na yanke tohon daidai jikin kara. Ƙara ɗaya ya yi, ƙas.

Baba bai ɗaga murya ba. Ya dubi reshen a ƙasa, ya dube ni, ya dafa gwiwa ya miƙe ya shiga ɗaki. Na ji yana waya da Yaya.

Ran Lahadi Yaya ya zo da a-kori-kura. Kayan ba su da yawa: katifa, akwati biyu, rediyo, da bokitin fenti da Baba ya riƙe a cinya a gaban mota. Na rubuta lokutan magani a takarda na ba matar Yaya. Yaya ya ja ni gefe.

"Ki ba shi haƙuri mana, ko a baki ne. Ki ce kuskure kika yi."

"Haƙuri na ba shi ya fi sau goma. Amma ba kuskure ba ne, Yaya."

Ya girgiza kai ya shiga mota.

Shekara biyu ke nan. Malalaci ya kai mini kafaɗa, bana ya yi 'ya'ya goma sha ɗaya, kuma ko tsaga babu a katangar nas. Duk abin da na faɗa haka ya kasance, ko yau aka sake ba zan bar tohon nan ba. Sai dai ina dawowa daga aiki in buɗe gida ba mai amsa sallama, in dafa abincin mutum ɗaya in ci a tsaye. Mota biyu nake shiga kafin in ga Baba, sau biyu a wata. Yana amsa gaisuwata da fara'a, yana tambayar aiki, yana sa mini albarka idan zan tafi. Amma tun ranar da na yi yankan nan bai ƙara sa ni wani aiki ba. Ina zaune a gabansa zai ji ƙishirwa, sai ya ɗaga murya ya kira matar Yaya daga kicin ta kawo masa ruwa. Abin da tsayawa kan gaskiyata ya ci mini ke nan: ubana yana da rai, amma ya daina neman komai a hannuna.