Hoton Bayan Inna

Tun a cikin motar da ta ɗauko su daga Sakkwato Latifa ta lura mahaifiyarta ta daina magana. Inna Zubaida mace ce da ba ta sauka daga mota sai ta san sunan direba da garinsu, amma ranar har suka iso Illela ba ta ce wa kowa uffan ba. Ta dai zauna a karkace, yadda bayanta ya mayar da ita a 'yan shekarun nan, hannunta na dafe da cinyar hagu.

Maganar da Likita Jabir ya yi musu ba ta da tsawo. Ya ɗaga hoton bayan Inna da aka ɗauka a asibiti, ya nuna inda ƙashin bayan ya lanƙwashe saboda shekaru har ya matse jijiyar da ke sauka ƙafa. Matsin nan ne ya sa Inna ba ta kaiwa ƙofar gida sai ta nemi abin dafawa. Ya ce za a yi mata ƙaramin aiki Laraba ta sama: a ɗan tsaga fata, a zura siririn bututu mai kyamara a baki, a kankare wurin da ya danne jijiyar. Da Latifa ta tambayi girman tsagar, sai ya ɗauki biro ya ja mata layi a bayan hannu, bai wuce faɗin farcen babban yatsa ba.

Latifa ta ji duka ta riƙe. Inna kuwa kalma ɗaya ta shiga kunnenta, aiki. A wurinta aiki shi ne abin da aka yi wa yayarta Jamilatu shekara talatin da suka wuce, aka shiga da ita ɗaki tana magana, aka fito da ita a lulluɓe. Ƙaramin da likita ya faɗa, tun a harabar asibiti ta yar da shi.

Washegari ta soma neman gafara. Ta aika wa dangi na Garu da na Araba. Har Tasalla maƙwabciyarta, wadda suka shekara uku ba sa gaisawa kan akuyar da ta ɓarar mata da ƙullun waina, sai da aka kira ta, suka rungume juna suna hawaye. Latifa na zuwa kullum daga gidan mijinta, goye da 'yarta Sadiya mai wata takwas, tana maimaita bayanin likita. Inna sai ta ce, "Na ji, Auta," ta ci gaba da jan carbi.

Ran Litinin da hantsi Latifa ta same ta zaune a bakin gado, da hijabin fita, ga ƙunshin kaya a gefe.

"Inna, ina zuwa haka?"

"Kwanni za ni, in gano kawunki Maccido. Na aika a kira mai mashin."

"Yaushe ki ka dawowa?"

Inna ta kawar da kai. "In Allah ya so, bayan Laraba. Akwai wani wanzami can, an ce hannunai na da kyau."

Latifa ta dubi ƙunshin kayan. Ta san idan Inna ta tsallaka iyaka ta shiga gidan ɗan'uwanta, ba mai iya fito da ita sai ranar ta wuce. Ta kuma hango wannan bayan bisa mashin, yana cin gargadar hanya. Amma ta san uwarta, musu ƙara mata ƙarfi yake yi. Sai ta kwance goyo ta ajiye Sadiya a tabarma.

"To bari in shafa miki man zafi, kada iska ta kama ki a hanya."

Inna ta juya, Latifa ta ɗaga mata riga. Bayan ne dai da ta saba shafawa safe da yamma, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya tudu, ga tabon sakiya baƙi ƙirin, ga sawun ƙaho a jere har zuwa ƙugu. Tana cikin murza man ne abin ya faɗo mata a rai: duk gidan nan kowa ya ga bayan Inna, ban da ita Innar.

Layin likita tuni alwala ta wanke shi, amma ba ta manta girmansa ba. Ta jawo tandun kwalli daga kan taga, ta ja ɗan gajeren layi a ƙasan bayan, kusa da tabon sakiyar. Sannan ta ɗauki hoto da wayarta.

"Mi ki ka yi mini nan baya?"

"Dibi wanga, Inna."

Inna ta karɓi wayar, ta nesanta ta da ido, ta sake matso da ita. "Bayan wa na?"

"Naki na."

Ta daɗe tana kallo. Sadiya ta rarrafo ta kama bakin hijabinta, ba ta ma ji ba.

"Ashe haka ni ka yawo cikin gari," in ji ta a hankali. Ta ɗora yatsa a kan gilashin. "Wanga baƙin fa?"

"Sakiyar da anka yi miki a Araba. Kin manta sai da kika yi wata kina kwana rub da ciki?"

"Waɗanga?"

"Ƙahon Halliru wanzami."

"Duka?"

"Duka. Akwai wasu ma zane ya rufe."

"To wanga ɗan tsiririn layin?"

"Shi na aikin likita, Inna. Iyakar inda zai taɓa ke nan."

Inna ta dubi layin, ta dubi tabon da ke gefensa, wanda ya ninka shi sau huɗu. Bakinta ya motsa kamar za ta yi dariya, ta danne.

"Ashe Halliru ya fi shi ɓarna. To don mi yac ce aiki?"

"Haka su ka kiran shi. Ni ban ce miki babu kasada ba, rai na hannun Allah ko a Kwanni ko a Sakkwato. Amma na gaji da ganin ki kina sallah zaune kina cizon leɓe."

Aka yi sallama daga waje, mai mashin ya iso. Inna ta sake duban hoton, ta miƙa wa Latifa wayar.

"Je ki ba shi haƙuri," in ji ta. "Ki ce an fasa."

Ranar Laraba Latifa ta zauna a benci a ƙofar ɗakin tiyata, Sadiya na cinyarta. Ta ba ta nono, ta canza mata ƙunzugu, ta karanta duk addu'ar da ta sani, ta sake komawa farko. Ba a cika awa biyu ba likita ya fito yana cire abin rufe baki.

"Alhamdu lillahi, an gama lafiya," ya ce. "Amma ki ji da kyau. Lanƙwasar tana nan, ba mu miƙe ta ba, jijiyar muka sakar wa wuri. Sati shida ba ɗaukar kaya, ba sunkuyo, ba goyo."

Latifa ta sa ya maimaita, ta rubuta a waya.

Da la'asar wata nas ta zo ta ce Inna ta gwada tashi. Ta sauko da ƙafafu a tsorace, ta miƙe, ta tsaya cik tana jiran tsinin da ke sauko mata daga ƙugu zuwa diddige. Ta jira, ta ƙara jira.

"Auta," ta ce, "ƙafar ta yi kurum."

Sai Latifa ta rungumo Sadiya. Ta zauna a kan gadon da Inna ta tashi, ta kifa fuska a kan 'yarta, ta yi kukan da ta riƙe kwana goma.

Ran Juma'a suka koma Illela. Mata suka cika tsakar gida da barka, Latifa na tsaye a kansu tana hana masu runguma da ƙarfi. Da aka watse, Inna ta raka na ƙarshe har ƙofar gida, ta tsaya nan riƙe da ƙyaure. Latifa ta biyo ta da kujera.

"Inna, tsayuwar ta isa haka. Likita ya ce kaɗan-kaɗan."

"Bari tukuna." Idonta na can ƙarshen layi. "Wancan benen na wa na? Yaushe anka gina shi?"

"Ya fi shekara, Inna."

"To aje kujerar nan. In na gaji zan faɗa miki."