Sunan Ɗiyar Fari

A shekarun da rediyon Libiya ke ta cewa Afirka gida ɗaya ce, Safura na zaune a unguwar Gurda cikin Sabha, ita da mijinta Alasan mai aikin gini, da ɗiyarsu Kubra. A ɗaki ta haife ta, ita kaɗai, ko nishinta maƙwabta ba su ji ba. Saboda haka yarinyar ba ta da takarda, ko ta ƙunsa gishiri.

Kubra ɗiyar fari ce, kuma Safura ba ta taɓa kama sunanta ba. "Ke" take ce mata, ko "waccan". In baƙo ya tambaya sai ta ce, "Ta mutane ce." Haka uwarta ta yi wa nata ɗan farin can ƙauyensu wajen Tawa. Kunya ce, ba ƙi ba.

Rannan Alasan ya dawo da siminti har gira, ya ce, "An ce duk yaron da aka haifa a ƙasar nan za a rubuta shi, ko ɗan wane ne. Allura kyauta, karatun lakkwal kyauta. Manya sun sa hannu. Uwa kawai za ta je ta ce nata ne."

Balkisa maƙwabciyarsu ta yi tsaki. "Manyan nan hannunsu ba ya gajiya? Mu je dai, Safura, ni zan yi miki baki."

Da safe suka je ofishin rubutun, suka bi layi har rana ta take. A bakin ƙofa mai gadi ya tare Balkisa, ya ce uwa da ɗa kaɗai. A ciki ga Balarabe bayan tebur, gefensa tafinta, wani dattijo mai suna Kalla, sa'an babanta.

Kalla ya ce, "Yana tambaya, wannan ɗiyarki ce?"

Safura ta sunkuyar da kai. Kafin ta yi tunani baki ya riga ta. "Ta mutane ce, Baba."

Kalla ya dube ta ya gane. "Ɗiyata, nan ba gida ba ne. Faɗi sunanta kawai. Wa zai kai tsegumi Tawa?"

Ta buɗe baki. Sunan ya zo har maƙogwaro ya tsaya. Yarinyar ta ja mata zane ta ce, "Kubra nake."

Balaraben ya ce uwar ya tambaya, kuma yana son jin abin da ta faɗa da farko. Kalla ya faɗa masa, ya shiga bayanin al'ada. Mutumin ya ajiye biro. Ya ce in ta mutane ce, mutanen su kawo ta. Ya kira na baya.

Balkisa ta yi mata faɗa har gida. Safura ta wuni tana gwada sunan a zuci. Da ta koma, aka ce masu rubutun sun tashi zuwa unguwar Jadid. A Jadid aka ce gobe. Ta yi ta bin goben nan har silifas ɗinta ya tsinke, daga baya aka ce an rufe sai wata shekara.

Da zafi ya shigo, ƙyanda ta shiga Gurda. Ta kama Kubra, ta sauka mata a ƙirji. A gidan likita aka ba su maganin sha, amma gado sai da takarda. Suka dawo da ita ɗaki. Rediyon maƙwabta na ta maganar yaran Afirka.

Ranar ƙarshe, bayan la'asar, numfashin yarinyar ya yi ƙasa. Safura ta ɗora kan ɗiyar bisa cinya, ta shafa mata goshi. Alasan na zaune, Balkisa na tsaye, amma Safura ba ta dubi kowa ba.

"Kubra," ta ce. "Kubra, ɗiyata."

Yarinyar ta buɗe ido da ƙyar.

"Inna," ta ce, "ashe kin san sunana?"