Sassauta Min, Ɗana

…sama da ciwon, in ji malamar. Ka ɗaure sama da ciwon, ka murɗa har jinin ya tsaya. To ai haka na yi, Baba. Wallahi haka na yi, kai ma shaida ne. Ba wanda ya koya min, ba malama, ba allo, bel ɗina kawai na zare, na zura sifana a ciki, na yi ta murɗawa kana ihu… kuma jinin ya tsaya. Ya tsaya cak! Ni na gani da idona.

Wannan fankar ma sai ƙara, ba iska. Mu goma sha biyu a sito, an ture bututai gefe, an jera mana kujerun roba. Masu haƙa rijiyar burtsatse, ƙattai da gemu, kowa da biro a hannu kamar 'yan firamare. Wata takwas da rasuwarka sannan kamfani ya tuna a koya mana taimakon gaggawa. Ihu bayan hari. To, Allah ya saka, ba ni da ta cewa.

Malamar nas ce, 'yar gajeriya, ba ta dariya. Ta ce a daji asibiti na da nisa, hannunka ne asibitin. Ta ɗaga wata igiya baƙa mai sanda a jiki, ta ce in babu irinta ƙyalle mai faɗi ma ya yi. Dogo direba ya zungure ni da gwiwar hannu: ga gwani nan, malama, wannan ya taɓa yi da gaske. Duk suka juyo. Gwani. Na sunkuyar da kai, su a ganinsu kunya ce.

Igiyar ƙarfen — ƙararta nake ji har yanzu. Tas! Rana tsaka, injin na ruri, kana tsaye inda kullum kake hana mu tsayawa, ta tsinke ta yanke ka a ƙafa. Shekara talatin kana wannan aiki, kai ka ɗauke ni ina ɗan cirani, kai ka koya min jin ruwa a muryar injin, daga baya ka ba ni 'yarka. Ban taɓa kallon tsakiyar idonka ba. A wajen aiki "kai yaro", a gida ma "kai yaro", ko bayan ɗaurin aure. Ban taɓa jin haushi ba… to, na ɗan ji, me zan ɓoye yanzu?

Awa biyu zuwa kwalta. Dogo a gaba yana faɗa da ramuka, ni da kai a bayan mota, kanka a cinyata, sifanar a hannuna na riƙe ta gam. Ƙura, zafi, ƙudaje — daga ina ƙudaje suke sanin jini? Leɓenka ya yi fari.

Me ta ce? Tsaya. Me ta ce yanzu?

Tana rubutu a allo da jan alƙalami. Ta ce ku rubuta lokacin da kuka ɗaure, ko a goshinsa ne. Sannan… ta ja layi biyu a ƙarƙashi. In ka ɗaure, ka ɗaure ke nan. Kar ka sassauta. Ba kai za ka kwance ba, likita ne. Ta ce a da ana cewa a riƙa sassautawa don kar ƙafa ta mutu, yanzu an gane kuskure ne, duk sassautawa jini ne ke zuba, kuma wanda ya zuba ba ya komawa.

Fankar na juyawa. Wani na tauna murfin biro. Ba wanda ya kalle ni.

Sassauta min, ɗana.

Haka ka ce. Ba "kai yaro" ba. Ɗana. Shekara goma sha ɗaya ina jiran kalmar nan, ta zo min a bayan mota, a bakin da ya bushe. Yaya zan yi, Baba? Fisabilillahi yaya zan yi? Surukina, ubangidana, mutumin da ko tari ya yi sai na miƙe tsaye, yana roƙona kamar ƙaramin yaro. Kaɗan kawai, ka ce, in sha iska. Na saki sifanar ta juya sau ɗaya. Ka yi ajiyar zuciya, ka ce Allah ya yi maka albarka. Na ji ɗumi a gwiwata… na ce gumi ne.

Sau uku. A wajen busasshen rafin nan, da inda muka wuce garken shanu, da dab da hawa kwalta. Na ukun ma ba ka roƙa ba, ni na ga fuskarka na ce bari in hutar da shi. Ni da tausayina. Kai, tir!

Likitan ya ce jini ya zuba da yawa. Iyakar abin da ya ce ke nan. Kowa ya ce kwana ne ya ƙare, ni ma na ce kwana ne ya ƙare, kuma na yarda, har gobe na yarda, bakin alƙalami ya bushe. Amma hannun wa aka ara? Ko da ban saki ba, da ka kai? Watakila da ba ka kai ba. Watakila tun a gindin injin an gama. Wa zai faɗa min? In ɗaga hannu in tambaye ta? Malama, a ce mutum ya sassauta sau uku… a ce dai, misali…

Hannuna ya tashi da kansa. Muryar da ta fito kamar ba tawa ba: in ya roƙe ka fa?

Ta dube ni, ba ta ko ƙifta ba. Ta ce zai roƙe ka. Duk suna roƙo. Zai zage ka, zai haɗa ka da Allah, ka bar shi ya tsane ka yana da rai.

Ya tsane ka yana da rai. Ni kuwa albarka ka sa min.

Ga Dogo ya kwanta a tabarma, shi ne mai raunin ƙarya, ya baje dogayen ƙafafunsa yana wani nishi, ana ta dariya. Gwani ya fito, gwani ya fito! Dogo bai sani ba, idonsa na kan hanya ranar. Na durƙusa. Igiyar nan sabuwa ce, tana ƙamshin shago. Sama da ciwo. Murɗa. Murɗa. Wayyo, zai tsinke min ƙafa, in ji Dogo, kai ɗan'uwa sassauta mana, wasa ake! Dariya har da buga kujera. Yatsuna… ga su nan sun fara buɗewa, sun san hanya, ba su ko yi shawara da ni ba. Na matse su. Riƙe. Riƙe mana, ɗan banza, yau da ba ta da amfani.

Malama ta ce madalla, haka ake so. An tafa min.

'Yarka, Baba. Ita ce abin. Bel ɗin na nan, ta wanke shi ta rataye a ƙusa bayan ƙofar ɗaki, ta hana ni sakawa. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ta ba shi labari, kuma ni na ba ta labarin da bakina, ban rage komai ba, don ban san akwai abin ragewa ba. Har sau uku yana sassauta masa, take cewa, don Baba ya ji sauƙi. Har ɗana ya kira shi. Nan ne take kallona yadda ba ta taɓa kallona ba kafin ranar. Da wannan take rarrashin kanta wata takwas — ubanta bai tafi a wahale ba, yana hannun mai tausayi.

Yau da safe tana miƙo min hulata ta ce ka saurara da kyau, in ka dawo ka koya min, kuma in sun ba da takarda ka taho min da ita. Ta fi ni karatu. Ba ta tsallake layi.

Ga takardar ana rabawa. Hoton ƙafa, hoton igiya, lamba ɗaya, biyu, uku… ta huɗun da jan rubutu, manyan baƙaƙe. In ce ba su bayar ba? Dogo zai kai wa matarsa tasa, katanga ɗaya ce tsakaninmu. In yage gefen? In bar ta a sito, ƙarƙashin bututu? Ran da wani ya faɗi a gabanta kuma fa, ƙaninta, ko ni, ta tuna mijinta mai tausayi, ta sassauta…

An ce a tashi a sha ruwa. Kujeru na ƙara. Na ninka ta biyu, na ninka huɗu, jan rubutun na leƙowa ta baya. Aljihun gaba, ko kwandon shara, ga shi can bakin ƙofa, taku biyar ne.

Ƙafata ta ƙi tashi, Baba. Ka ce min wani abu mana. Ko "kai yaro" ne.