Jan Ruwan Autata

Shekara arba'in da biyu ina ƙera zinariya. Ban yi makaranta ba, amma ba a taɓa sayar mini da tagulla ba.

An haifi jikata da ido ɗaya a mace. Likita ya ce wata ƙwayar cuta ce daga kashin kyanwa, ta kama uwar tana da ciki. Kyanwar shagona ce, wadda na hana a kora saboda ɓeraye. Ba wanda ya faɗa mini a fuska. Autata, gwaggon yarinyar, mai bincike a jami'a, ta mai da cutar nan aikinta.

Ranar da ta kai ni ɗakin gwajinsu, ta ɗauko wata 'yar kwalba daga firji, ruwa ja wur. Ta ce zinariya ce a ciki, ƙwayoyi ƙanana har ido ba ya gani. Wata uku tana haɗa ta. Gobe za a zuba wa ƙwayoyin cutar, a ga ko za su mutu.

A gaban abokan aikinta na ce zinariya ba ta yin ja, an cuce ta. Wani mai farar riga ya ce, "Baba, yau dai kai ne ɗalibi." Suka yi dariya.

Kullum da ruwan asid na gwajin zinariya a aljihuna. Da ta juya wanke hannu, na buɗe murfin kwalbarta na ɗiga biyu, yadda nake yi wa kowane zobe. Jan ya koma shuɗi, ya dushe. Baƙin gari ya kwanta a ƙasa.

Ta dubi kwalbar, ta dube ni. Ta tambayi me na sa. Na ce gaskiya na tono mata.

Ba ta musa ba. Ta tace garin a takarda, ta miƙo mini da hannu biyu.

"Baba, kai wa wutarka. Ita kake ji."

A shago na hura masa wuta. Ya narke, ya dunƙule, rawaya, kamar kan allura. Na gwada. Ban taɓa riƙe zinariya mai kyanta ba.

Washegari na ƙulle ta a takarda na koma. Ta gilashin ƙofa na hango autata tana wanke kwalabe, za ta faro daga farko. Na juya ban shiga ba. Na ba mai gadi ƙullin, na ce ya gaya mata zinariya ce.