Irin Doyar Nalau

Tun da sojojin Turawa suka kwashe komatsansu suka bar tsibirin, mazan garin ba su ƙara taka gona ba. Ai sun gani da idonsu: mutum ya ɗora wani abu a kunne, ya yi wa akwati magana, sai jirgi ya sauko da shinkafa da naman gwangwani da barguna. Bature bai taɓa dasa ko gwaza ɗaya ba, amma kullum cikinsa a cike. Tsoho Iawilu, wanda garin ke jin maganarsa, ya ce kayan nan kakanni ne ke aiko wa jikokinsu, Turawa suka koyi kiran suka tare hanya. Sai aka share daji aka yi filin saukar jirgi, aka kafa hasumiyar gora, aka fafe kwakwa ana kifawa a kunne.

Da jirgi ya ƙi zuwa, Iawilu ya ce kakanni ba za su ciyar da mai ajiya ba. Aka yanka aladu kaf, aka ci har aka gaji, aka zubar da doya a teku.

Nalau ta juye kwandonta kamar kowa. Amma irin shuka kam ta binne shi ƙarƙashin tabarmar 'yarta Sela, wadda tuni wuyanta ya fara tsawo don rama. Mijinta Kowia shi ne mai kaɗa tuta a filin, kuma yana ji da aikin nan kamar sarauta.

"Baban Sela, yau me kwakwar taku ta ce a dafa?"

"Yi ta ba'arki. Ran da buhu ya sauka, ni za ki roƙa in kwance miki."

"To kwance wa yarinya ko loma ɗaya, ta gaji da saiwar daji."

Wata rana da hantsi aka ji gurnani a sama. Jirgi ne, ɗan mitsitsi, can ƙololuwa. Gari ya ruɗe, aka kunna wuta a gefen fili, Kowia ya yi ta kaɗa tuta har hannunsa ya mutu. Jirgin ko karkatowa bai yi ba.

Iawilu ya sauko daga hasumiya. "Sun zo. Sun ce sun ji ƙanshin doya a garin nan. Akwai wanda ya ɓoye."

Kowia ya dubi matarsa. A ɗaki ɗaya suke kwana, ya daɗe da sanin tudun da ke ƙarƙashin tabarmar. Ya wuce gida, ta bi shi da gudu. Ya ɗaga Sela a hankali ya kwantar gefe, ya hau tono da hannu.

"Baban Sela, ka dubi yarinyar nan. Bar mana ko kai ɗaya, ruwa ya kusa."

"Uwar Sela, da idonki kika gan shi. Abincinta na ciki, har da magani. Ke kika kore shi."

Da a ce faɗa yake yi, da ta san yadda za ta yi da shi. Kuka yake yi, da gaske, kuma wannan ne ya karya mata zuciya. Doyar har ta fara tsiro. Daga kan dutse ya watsa ta cikin teku, mutane na waƙa.

Ruwa ya sauka a kan lokacinsa, ƙasa ta jiƙu, ta yi laushi irin wanda manomi ke mafarki. Nalau ta bi gida gida, har ƙauyukan bayan tudu, babu wanda ya rage ko ɓawo. Sela ta daina neman abinci, sai kwanciya da kallon rufin ɗaki.

Ciyawa ta fara cin filin jirgi, maza kuwa yunwa ta kwantar da su. Da safe Nalau ta goya 'yarta, wadda ba ta fi nauyin ɗan jariri ba, ta nufi can. Ta tsaya a gindin hasumiya.

"Kawu, me suka ce yau?"

"Suna hanya," in ji Iawilu.

Ta gyaɗa kai. Ta durƙusa a bakin filin ta fara cire ciyawa ɗaya bayan ɗaya, tana tsince har ƙananan duwatsu, don kada ƙafar jirgin ta yi tuntuɓe.