Hancin Likita Mitri

Mitri tsohon likitan haƙori ne a Beirut, amma a dangi da hancinsa aka fi saninsa. Ba a buɗe kwalbar giyar inabi a gidan biki sai an miƙa masa ya sansana ya yanke hukunci. To, wata mura da ta kwantar da shi da hunturu ta tafi da jin ƙanshinsa ƙaf. Bai gaya wa kowa ba, har matarsa Nuhad.

Da lokacin tsinkar inabi ya zo suka tafi Zahle hutu, kamar yadda suka saba. Ba sa gaggawar komai. Da hantsi su zaga kasuwa, Nuhad tana latsa ɓaure tana kushe cukun mutane, da la'asar su nufi wata gonar inabi.

A kasuwa wani mai kayan yaji ya cusa masa za'atar, garin ganyen ƙanshi da ake ci da burodi, a hanci.

"Shaƙa, Likita! Wannan ko gawa ta shaƙa sai ta tashi neman burodi."

Mitri ya shaƙa, iska kawai ya ji. "Ba laifi," ya ce, aka auna musu.

Ranar Alhamis suka je gonar wata dattijuwa, Sitt Wadad. Ta sauka da su ɗakin ƙasa mai sanyi inda gangunan giya suke, ta buɗe kwalba ta zuba musu jar giya. Mitri ya kaɗa tambulan, ya kai hanci, ya lumshe ido.

"Rumman," ya ce, "da ɗan kirfa daga baya. Wannan ta sha rana."

Nuhad ta kurɓa, ta ajiye, ta koma kallon bango. Sitt Wadad ta kai nata hanci, nan take ta yamutsa fuska.

"Ash! Ku gafarce ni, toshiyar kwalbar ta ɓata ta. Warin jiƙaƙƙen kwali take yi." Ta kwashe tambulan ɗin, ta ƙara da cewa, "Likita dai rufa mini asiri yake."

Aka kawo wata kwalbar. Mitri ya sha.

A hanyar komawa masauki, suna bin bayan wata tarakta mai ɗauke da kwandunan inabi, ya ce, "Tun yaushe kika sani?"

"Tun ranar da shinkafa ta kama a tukunya, ka cinye har ka nemi ƙari. Kai da ko albasa ta ɗan ƙone sai maƙwabta sun ji."

"Shi ne kika yi shiru?"

"Na samu sauƙi, in tona wa kaina?"

Ya ɗauka kunya za ta hana shi sakat, sai ya tarar yunwa ce kawai take damunsa. Suka tsaya bakin rafi suka ci gasasshen nama.

Sauran kwanakin, duk gonar da aka miƙo masa tambulan sai ya ce, "Hancina ya yi ritaya, ku ba uwargida." Nuhad ba ta san rumman ko kirfa ba. Ta kurɓa ta ce da daɗi, ko ta ce babu. Ta zaɓi wata farar giya mai zaƙi-zaƙi wadda shi ya daɗe yana kira ruwan alewa, aka loda musu katan biyu a bayan mota. Shi kuma ya sayi zaitun mai gishiri, don harshensa yana jin wannan.

Ranar Lahadi suka kama hanyar Beirut. Cunkoso ya riƙe su a kan dutse, Nuhad ta yi barcinta.