Injin da Ya Daina Kuka

"Ba waccan ba, Jamil. Jar da ke kusa da babban yatsanka."

Baba Gaiya yana kishingiɗe a kan filo uku, siririn tiyo ya zagayo kunnuwansa ya shiga hancinsa. Ni kuma ina tsugune a bayan injin da ke ba shi iskar numfashi, na kwance murfinsa, na zuba sukurori shida a cikin faranti don kada su ɓace. Wayar da yake nuna mini tana tafiya ne zuwa wani ɗan baƙin abu mai girman maɓallin kwat. Shi ne ke ƙara duk lokacin da aka ɗauke wuta.

"Baba, bari in sa masa abin da zai rage ƙarar. Ba sai an cire ba."

"Ka rage, ta ji. Kunnen Liyatu ya fi mitar awon wutarka aiki." Ya tsaya ya ja iska. "Ka ga gwiwarta?"

Na gani. Kwana uku kafin nan injin ya yi kuka matarsa Mama Liyatu tana cikin kicin, ta fito a guje za ta tada janareta, santsin bakin famfo ya kwashe ta. Mace mai shekara sittin da takwas, da hawan jini. Kuma sau da yawa kukan na banza ne, don ko wuta ta rage ƙarfi kawai sai ya tsala ihu. A unguwarmu hakan na faruwa sau goma a yini.

Katanga ɗaya ta raba gidajenmu a Dutsen Kura. Ni tela ne, amma tun ina saurayi ba na iya ganin mataccen rediyo in wuce. Babu wanda ya koya mini. Na ƙona yatsu, na ƙona kayan mutane, har na fara ganewa. Baba Gaiya kuwa shekara talatin ya yi a sashen sigina na reluwe, bayan ya yi ritaya ya mai da barandarsa asibitin rediyo, ba ya karɓar ko sisi. Shi kaɗai ne a layinmu bai taɓa yi mini dariya ba. Da huhunsa ya lalace hannunsa ya fara rawa, sai ya koma yana faɗa ina yi.

"In wuta ta tafi babu wanda ya sani fa?" na ce.

Ya ɗauki cokali ya buga a jikin kofin silba da ke gefen gadonsa. Ƙarar ta cika ɗakin. "Ga ƙararrawar reluwe. Ai bakina ne ya gaji, ba hannuna ba."

"Hannun da ke rawa?"

"To ai ya fi kyau. Da kansa zai riƙa bugawa."

Na yi dariya, bai kamata in yi ba. Na ce masa na yarda amma da sharaɗi: shagona a zauren gidana yake, fanka a kaina take yini, da zarar ta tsaya zan leƙo ta katanga in kira Mama a hankali, ba da ihu ba. Ya ce ya yarda. Na ɗora bakin ƙarfen narka dalma a kan ƙafafun abin guda biyu, ya faɗo tafin hannuna da ɗuminsa. Ya miƙo hannu, na ba shi.

Kafin in fita ya sa na jawo wani gwangwanin madara daga ƙarƙashin gado. A ciki akwai rile, ɗan makunnin nan da ke sauya layin wuta da kansa, naɗe cikin takarda mai maiƙo. Wata huɗu ina haɗa abin da zai mayar da shagona kan batir da zarar an ɗauke wuta, ba tare da keken ɗinki ya tsaya ba. Na Sabon Gari guda biyu na saya, duka suka ƙone. Ya san da haka.

"Wannan ya girme ka," ya ce. "Ba zai ba ka kunya ba."

Da Mama Liyatu ta dawo daga taron zumuntar mata, ina jin sa ta taga yana ce mata Malam Jamil ya gyara injin, yanzu ba zai ƙara damunta ba. Ta leƙo ta katanga tana sa mini albarka. Na amsa da amin, na ɓoye mata abin da na cire.

Kwana tara ina cika alkawari. Fanka ta tsaya, in ajiye almakashi, in ce, "Mama, sun ɗauke." Ta ce, "Na gode, ɗana," ta taka a hankali ta ja igiyar janareta. Kumburin gwiwarta ya saɓe. Har ta koma soya awara a ƙofar gida. Kullum na shiga gaishe shi sai ya tambaye ni, "Ka haɗa abin nan kuwa? Ko tsoro kake ji, injiniyan zare da allura?"

Ranar Alhamis da safe na haɗa. Na gwada sau uku, ina kashe babban makunni da hannuna: rilen ya yi ɗan ƙas, fanka ko gezau. Na zauna a kan keke da farin cikin da na daɗe ban ji irinsa ba. Ina da ɗinkin anko na mata goma sha biyu, na duƙufa. Motar keken tana ruri, rediyo yana magana, iska tana kaɗa mini wuya.

Abin da ya ɗago kaina shi ne muryar Mama. Ba ihu ba ne. Sunansa take kira, sau ɗaya, sau biyu, kamar mai tashin wanda ya makara zuwa coci.

Na duba 'yar koriyar fitilar da na sa don ta nuna akwai wutar gari. A mace take. Daga baya mai injin niƙa na bakin layi ya ce mini tun kafin azahar aka ɗauke. Lokacin da na tsallaka gidan, an kusa kiran la'asar.

Yana nan yadda na saba ganinsa, a kan filo uku, tiyo a hanci, kansa ya ɗan karkata wajen taga. Hannuwan Mama duk kumfar sabulu, wanki take can a bayan ɗakuna. Kofin silba yana gefen gado. Cokalin yana cikinsa, bai fi taƙi ɗaya daga yatsunsa ba.

"Bai yi kuka ba, Jamil," take ta faɗa. "Injin bai yi kuka ba. Ni kuma ina can ina waƙa."

An kai shi garinsu a kudancin Kaduna aka binne. Na bi motar, na tsaya a bayan mutane. Tun daga ranar nake juya abu ɗaya. Ko numfashin ne ya ƙwace masa farat ɗaya har bai kai ga cokalin ba, ko kuwa ya ji injin ya tsaya, ya ji tana waƙa wajen wanki, ya bar hannunsa inda yake? Mutumin da ya yi shekara talatin yana lura da sigina ya san abin da rilen nan zai yi wa fankata. Ni ma ya kamata in sani. Na san komai game da wayoyin, ban tuna da alkawarin da ke rataye a jikin fankar ba. In shi ya shirya, to da hannuna ya shirya. In bai shirya ba, hannun dai nawa ne.

Mako uku bayan haka Mama Liyatu ta turo injin a kan tayoyinsa har zauren shagona. Ta rame, ta ɗaura baƙin kallabi. Ta ce akwai wata a cocinsu, Rachael, mijinta na fama da irin ciwon, za ta ba su.

"Amma ka duba shi tukuna. Kada ya yi musu abin da ya yi mini." Ta kwance bakin zaninta ta fito da ƙullin takarda. "Wannan kuma a cikin Littafinsa Mai Tsarki na samu. Sunanka ne a jiki."

Rubutun duk ya karkace saboda rawar hannu: Jamil, ka mayar. A ciki ga ɗan baƙin abin nan.

"Mene ne shi?" ta ce.

Zan iya cewa wani ƙarfe ne na rediyo, ta tafi. Na jona ƙarfen dalma na jira ya yi zafi. Na kwance sukurori shida. Tana zaune a kan bencin masu jiran ɗinki tana kallon hannuna. Na mayar da ƙafafun biyu inda na ciro su, na kunna injin ya fara hucinsa, sannan na zare filoginsa daga bango.

Ihun ya cika zauren. Ta zabura ta miƙe, har ta juya wajen ƙofa, wajen janaretan da ke gidanta. Sai ta tsaya.

"Ni na cire, Mama," na ce. "Kwana tara kafin ranar. Ya ce saboda gwiwarki. Na ce zan riƙa kiranki, ranar ban kira ba."

Ba ta dube ni ba. Na kai hannu zan mayar da filogin.

"Bar shi," ta ce.

Ta koma ta zauna, ta ɗora tafin hannunta a kan gwiwar. Injin ya yi ta kuka, ɗan cajin da ya rage a cikinsa yana ƙarewa, muryar tana sirancewa har ta zama kamar ta sauro, ta ɗauke. A samanmu fanka tana ta juyawa. Ta ɗauki takardar daga kan teburin yanka, ta shafe ta da yatsa ta miƙe, ta ninke biyu, ta ƙulle a bakin zaninta.